Yadda Amurka Ta Ɗora wa Jami'o'i Binciken Lafiyar Tsiraru, da Inda Zaren Ya Taɓo Kano

A shekarar 1985, wani kwamiti na ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ya miƙa wa Sakatariyar Lafiya ta ƙasar, Margaret Heckler, wani rahoto da har yau ake kiransa da sunanta. Shugaban kwamitin shi ne Dakta Thomas Malone, mataimakin darakta a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NIH. Aikin da aka ba su bai wuce na ofis ba: su tattara alƙaluman mace-mace da gwamnati ta riga ta mallaka, su jera su bisa launin fata da asali, su faɗi abin da suka gani.

Abin da suka gani ya girgiza hukumomi. Sun ƙiyasta cewa kusan mutum 60,000 daga cikin baƙar fatar Amurka ke rasuwa a kowace shekara fiye da adadin da zai rasu da a ce yanayin lafiyarsu daidai yake da na farar fata. Abubuwa shida ne suka ɗauki fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan rarar: ciwon daji, cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, shaye-shaye, kisa da haɗura, sai mutuwar jarirai.

Babu baƙin Ba'amurken da ke buƙatar rahoto kafin ya san cewa jana'iza ta fi yawa a unguwarsa. Sabon abu shi ne gwamnatin tarayya da kanta ta sa hannu a kan lissafin. Daga wannan sa hannu aka samu ofisoshi, dokoki da layukan kasafin kuɗi waɗanda suka shafe shekara arba'in suna ciyar da bincike a jami'o'i, waɗanda kuma a yau suke tsaka mai wuya. Labarin ya cancanci nazarin duk wanda ke rubuta takardar manufa ko ke kare kasafi a Abuja, domin wani reshensa ya sauka a asibitocin Kano da Kaduna.

Tabon da aka gada

Ba a fahimtar dalilin da ya sa aka ware wa wannan fage kuɗi na musamman sai an waiwayi abubuwa biyu da suka faru tun da farko.

Na farko ya shafi horar da likitoci. A shekarar 1910, Abraham Flexner ya fitar da rahoto kan makarantun koyon aikin likita na Amurka da Kanada, wanda ya tsaurara ƙa'idojin koyarwa ya kuma jawo rufe makarantu da dama. A lokacin akwai makarantu bakwai da ke horar da likitoci baƙar fata. Biyu ne kawai suka tsira: ta Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, wadda aka buɗe a 1868, da Kwalejin Meharry da ke Nashville a jihar Tennessee, wadda aka kafa a 1876. Tsawon fiye da rabin ƙarni, waɗannan biyun ne suka yaye mafi yawan likitoci baƙar fata na ƙasar baki ɗaya, da ɗan abin da ke hannunsu.

Na biyu ya shafi amana. Daga 1932 zuwa 1972, Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka ta gudanar da wani bincike a ƙaramar hukumar Macon ta jihar Alabama, da haɗin gwiwar makarantar Tuskegee. Aka ɗebi maza baƙar fata 600, galibinsu talakawan manoma. 399 na ɗauke da cutar tunjere, 201 kuma ba su da ita. Ba a gaya musu ainihin abin da ke damunsu ba, kuma ko bayan da allurar fenisilin ta zama sananniyar maganin cutar a ƙarshen shekarun 1940, ba a ba su ita ba, domin masu binciken na son ganin yadda cutar ke cin jiki har ƙarshe. Sai da wani tsohon ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya kai maganar ga 'yan jarida, aka buga ta a watan Yulin 1972, sannan aka dakatar. Daga wannan abin kunya aka samu dokar bincike ta 1974 da ta wajabta kwamitocin sa ido kan duk gwajin da ya shafi ɗan Adam. Shugaba Bill Clinton bai nemi gafara a madadin gwamnati ba sai a watan Mayun 1997.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekaru da dama bayan haka, mai bincike da ya shiga unguwar baƙar fata da takardar neman amincewa, sunan Tuskegee yake fara ji.

Daga rahoto zuwa layin kasafi

Rahotannin gwamnati da yawa kan ƙare a kan kanta, ƙura ta rufe su. Na Heckler ya tsira ne saboda an mayar da shi hukuma da doka, mataki bayan mataki. A 1986 aka buɗe Ofishin Lafiyar Tsiraru a ma'aikatar lafiya. A 1990 aka buɗe makamancinsa a cikin NIH. A 1993 majalisar dokoki ta wajabta sanya mata da tsiraru cikin gwaje-gwajen asibiti da NIH ke biya, saboda kafin nan an gina ilimin magunguna da yawa a kan jikin maza farar fata kaɗai. A shekarar 2000 wata doka ta ɗaga ofishin zuwa cibiya mai ikon ba da tallafi da kanta, sannan dokar inshorar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ta mayar da ita cikakkiyar cibiyar ƙasa mai suna NIMHD, ɗaya daga cikin cibiyoyi 27 na NIH da ke Bethesda a jihar Maryland.

Kasafin NIMHD a 'yan shekarun nan ya ɗan haura dala miliyan 500 a shekara, cikin kusan dala biliyan 47 na NIH baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin 100 ke nan. Ƙaramin kaso ne, amma yadda aka tsara kashe shi ne abin lura.

Hanya ta farko ita ce gina jami'o'in da aka bari a baya. Tun 1985 majalisa ta kafa shirin RCMI, bisa jajircewar ɗan majalisa Louis Stokes na jihar Ohio. Shirin kan sayi na'urori, ya gyara ɗakunan gwaje-gwaje, ya biya albashin ƙwararrun ƙididdiga, ya ba matasan malamai ɗan jarin fara bincike. Daga cikin waɗanda suka amfana akwai Howard da Meharry, da Makarantar Likitanci ta Morehouse da ke Atlanta, da Jami'ar Charles Drew da ke Los Angeles, da jami'o'i a Puerto Rico da Hawaii da kan iyakar Texas da Meziko. Hikimar a bayyane take: in aka ce kowa ya zo a yi gasar neman tallafi, jami'ar da ta gaji ɗakin gwaji na shekara ɗari ita za ta ci gaba da lashewa, wadda ba ta da shi kuwa ba za ta taɓa samun abin da za ta gina shi ba.

Hanya ta biyu ita ce riƙe mutane. Likita a Amurka kan fito daga makaranta da bashi mai nauyi a wuyansa, kuma aikin asibiti mai zaman kansa ya fi bincike kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka kafa shirin biya wa mai bincike bashin karatunsa, har dala 50,000 a shekara, muddin ya tsaya a wannan fage. Hanya ta uku ita ce asusun gado da ake ba wasu jami'o'i su juya, su riƙa cin ribarsa. Ta huɗu ita ce binciken da ake yi tare da jama'ar gari, inda limaman coci da ƙungiyoyin unguwa da shugabannin ƙabilun 'yan asalin nahiyar ke zama a teburin da ake tsara tambayoyin binciken tun daga farko.

Akwai wani abu da masu muhawara kan manta. Ma'anar da hukumar ta ba giɓin lafiya ba ta tsaya ga launin fata ba. Ta haɗa da talakawa ko wane iri ne, da mazauna karkarar da ba su da asibiti kusa, kuma a 2023 aka ƙara masu buƙata ta musamman. Farar fatar da ke zaune a ƙauyukan tsaunukan Appalachia, inda aikin haƙar kwal ya mutu ya bar cututtukan huhu da shaye-shaye, suna cikin waɗanda kuɗin ya shafa.

Abin da kuɗin ya haifar

Mafi yawan abin da likitocin duniya suka sani game da haɗarin ciwon zuciya ya samo asali ne daga wani dogon bincike da aka fara a garin Framingham na jihar Massachusetts a 1948, kuma kusan dukkan mutanen da aka bibiya a can farar fata ne. Don cike wannan gurbi aka kafa Binciken Zuciya na Jackson a jihar Mississippi. Tsakanin 2000 da 2004 aka ɗauki baƙar fata fiye da 5,300, ana auna su ana bibiyar rayuwarsu. An raba aikin tsakanin Cibiyar Likitanci ta Jami'ar Mississippi da makarantun baƙar fata biyu, Jami'ar Jackson State da Kwalejin Tougaloo, ta yadda ɗaliban garin da kansu suka koyi ƙididdigar cututtuka a kan bayanan iyayensu da kakanninsu.

Wani misalin ya fito daga shagon aski. Maza baƙar fata a Amurka na cikin waɗanda hawan jini ya fi kashewa, kuma ba su cika zuwa asibiti ba, amma ba sa fashin zuwa wurin mai askinsu. Dakta Ronald Victor na asibitin Cedars-Sinai ya yi gwaji a shagunan aski 52 a Los Angeles, da maza fiye da 300 masu hawan jini. A wasu shagunan, mai aski kan shawarci mutum ya je ya ga likita kawai. A wasu kuma an ajiye ƙwararren mai haɗa magunguna da ke auna jini yana rubuta magani a nan take. Bayan wata shida, awon jini na sama ya sauka da maki 27 a rukuni na biyu, a rukuni na farko kuwa da kusan maki 9. An buga sakamakon a 2018. Maganin da aka bayar ba sabo ba ne. Wurin da aka kai shi da bakin da ya gabatar da shi ne suka bambanta.

Akwai kuma binciken da ya tona kurakuran kayan aiki. A 2020, masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini ta fi yin kuskure a kan baƙar fata. Sau kusan uku ta fi nuna cewa majiyyaci baƙi lafiya lau yake alhali iskarsa ta yi ƙasa, in aka kwatanta da fari. Wannan na'ura ce dai ke asibitocin Najeriya. A 2021 kuma aka cire launin fata daga lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi, bayan an gano cewa tsohon lissafin na nuna ƙodar baƙar fata ta fi yadda take lafiya, abin da ke jinkirta sanya su a layin dashe.

Duk da haka, giɓin bai rufe ba. Alƙaluman 2021 sun nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 70 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farar fata kuwa kusan 27. A shekarar dai, tsawon ran da ake sa wa baƙin Ba'amurke ya gaza na fari da fiye da shekara biyar, na 'yan asalin nahiyar kuma ya gaza da kusan shekara 11. Bincike na iya nuna inda rufi ke yoyo, amma gyaran na hannun masu rabon inshora da gidaje da ayyukan yi.

Gidan mai rabo ma bai tsira ba

A 2011, wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Donna Ginther ta Jami'ar Kansas ta binciki takardun neman tallafi na NIH kanta. Ta gano cewa ko bayan an daidaita matakin karatu da yawan wallafa da girman jami'a, damar mai bincike baƙar fata ta samun babban tallafin hukumar ta gaza ta fari da maki goma cikin ɗari. NIH ce ta nemi a yi binciken, ta kuma amince da sakamakonsa a bainar jama'a.

Wani nazari na 2019 ya bayyana wani ɓangare na dalilin. Masu bincike baƙar fata sun fi karkata ga batutuwan al'umma, kamar rigakafi da halin rayuwar unguwanni, irin waɗannan batutuwa kuwa ba su cika samun tallafi kamar binciken ƙwayoyin halitta na ɗakin gwaji ba. Wato tambayar da ta fi damun talaka ita ce ta fi wuyar samun mai biya.

Cutar sikila ta ƙara fito da wannan fili. Kimanin Amurkawa 100,000 ke ɗauke da ita, mafi yawansu baƙar fata. Wani nazari na 2020 ya kwatanta ta da wata cutar gado ta huhu da ta fi kama farar fata, wadda masu ita ba su kai rabin wannan adadi ba, ya samu cewa kuɗin binciken gwamnati da ke kan kowane majiyyacin cutar huhun ya ninka na mai sikila fiye da sau uku.

Inda zaren ya taɓo Najeriya

A nan ne labarin ya zama namu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu amosanin jini a duniya; ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne jarirai kusan 150,000 a kowace shekara. Ɗaya daga cikin munanan illolin cutar shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kusan ɗaya cikin goma na yaran kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. A 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa za a iya gano yaran da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'urar sauti, sannan a rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100 ta hanyar ƙarin jini kowane wata. Sai dai ƙarin jini kowane wata, shekara da shekaru, abu ne da yawancin iyalai a Kano ko Katsina ba za su iya ba, ga tsada ga ƙarancin jinin.

Likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero, cikinsu har da Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, suka haɗa kai da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, da tallafin NIH, don gwada wata hanyar. Suka ɗauki yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗari a Kano da Kaduna, suka ba su ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ake sarrafa ta a Najeriya, wasu ƙaramin awo wasu matsakaici. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa yara ƙalilan ne suka samu shanyewar jiki a rukunonin biyu. Abin da aka koya a Kano yanzu hujja ce ga duk ƙasar da ba ta da wadatar jini.

Haka zancen ƙoda yake. A 2010 masana suka gano cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1 na cikin dalilan da suka sa ciwon ƙoda ya fi yawa a tsakanin baƙar fatar Amurka. Asalin sauye-sauyen daga Afirka ta Yamma ne, inda ake ganin sun yaɗu saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ƙarƙashin shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyi, an binciki mutum fiye da 8,000 a Najeriya da Gana, aka buga a 2024 cewa waɗannan sauye-sauye na ƙara haɗarin ciwon ƙoda a nan gida ma. Tambayar da aka fara yi saboda majiyyaci a Amurka ta zo ta amsa wa majiyyaci a Ibadan da Inugu.

Tabon rashin amana ma muna da namu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya kai ga shari'a da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Tunawa da wannan gwaji na cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan inna a 2003, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka.

Guguwar 2025

Da dawowar Shugaba Donald Trump mulki a watan Janairun 2025, gwamnatinsa ta umarci a kawo ƙarshen shirye-shiryen da ke fifita bambancin launi da jinsi a hukumomin tarayya. Cikin 'yan makonni NIH ta soke ɗaruruwan tallafi da aka riga aka bayar. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga ya ƙirga tallafi 694 na kusan dala biliyan 1.8 da aka soke tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Afrilu, kuma in aka auna da girman kasafin kowace cibiya, NIMHD ce ta fi jin jiki. An dakatar da daraktanta, Dakta Eliseo Pérez-Stable, wanda ya riƙe ta tun daga 2015. Daftarin kasafin 2026 da fadar shugaban ƙasa ta aika ya nemi a rage kuɗin NIH da kusan kashi 40 cikin 100, a kuma rushe NIMHD gaba ɗaya.

Hujjar gwamnati, kamar yadda shugaban NIH Dakta Jay Bhattacharya ya sha bayyanawa, ita ce an shafe shekaru ana kashe kuɗi a kan binciken da siyasa ta yi wa katutu ba tare da lafiyar tsirarun ta inganta ba, kuma hukumar za ta ci gaba da tallafa wa binciken da ke da ma'auni na kimiyya. Masu suka na cewa an yi sokewar ne ta hanyar farautar wasu kalmomi a takardun tallafi, ba tare da duba ingancin aikin ba, har aka tsayar da gwaje-gwajen da majiyyata ke tsakiyarsu.

Maganar ta je kotu. A watan Yuni, Mai Shari'a William Young na kotun tarayya a Boston, wanda Shugaba Ronald Reagan ya naɗa, ya yanke cewa sokewar ta saɓa wa doka, ya kuma kira ta wariya. A watan Agusta Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ba gwamnati damar ci gaba da riƙe kusan dala miliyan 783 yayin da shari'ar ke tafiya. A ɓangaren majalisa, kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa ya yi watsi da ragin kashi 40 a ƙarshen watan Yuli. A watan Mayu kuma NIH ta sanar da dakatar da tsarin da jami'ar Amurka ke miƙa wani kaso na tallafinta ga abokiyar aiki a ƙasar waje, har sai an fito da sabon tsari. Ta irin wannan hanya ce kuɗin bincike da yawa suka riƙa isowa asibitocin koyarwa na Najeriya.

Abin da ya rage ga Abuja

Tarihin Najeriya ba na Amurka ba ne, kuma giɓinmu bai bi launin fata ba. Ya bi shiyya, da tazarar birni da ƙauye, da aljihu, da karatun uwa. Amma girmansa ya fi nasu. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ke rasuwa kafin shekara biyar a faɗin ƙasa. A Kudu maso Yamma adadin 62 ne, a Arewa maso Yamma 187. A jihar Ogun 30 ne, a Kebbi 252. Tuta ɗaya, kasafin tarayya ɗaya, amma haɗarin ɗan Kebbi ya ninka na ɗan Ogun sau takwas.

Kayan aikin ma akwai su. Akwai asusun TETFund da dokar 2011 ta kafa, da Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashinsa. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko, ta kuma tanadi kwamitin tsara binciken lafiya da na kula da ɗa'arsa. Akwai cibiyar binciken lafiya ta Yaba a Legas da ta binciken magunguna ta Idu a nan Abuja. Abin da tarihin Amurka ke nunawa shi ne yadda ake ɗaure irin waɗannan da manufa guda.

Mataki na farko shi ne a riƙa buga alƙaluman lafiya a rarrabe, jiha-jiha da ƙaramar hukuma, da hatimin gwamnati a kai, domin matsakaicin adadi na ƙasa kan ɓoye Kebbi a bayan Ogun. Na biyu, a bambanta kuɗin gasa da kuɗin gini. Jami'ar da aka buɗe a Birnin Kebbi ko Gashuwa ko Dutse shekaru kaɗan da suka wuce ba za ta kayar da Ibadan a gasar takardar neman tallafi ba, alhali tana zaune a tsakiyar matsalar da ake son a bincika. Tana buƙatar shekaru na na'urori da horo kafin a sa ta a fage. Na uku, hukumar da ke rabon tallafi ta binciki rabonta, ta buga wa jama'a su wane ke samu, daga wace shiyya, a kan wane batu. Na huɗu, a zaunar da masu unguwanni da malaman addini da ungozomomi tun ranar tsara bincike, domin Tuskegee da Kano sun nuna tsadar gyaran amana in ta karye.

Darasi na ƙarshe shi ne wanda shekarar 2025 ta koyar. Shirin da doka ta kafa ya fi wanda takardar umarni ta kafa wuyar rushewa, amma ko shi yana iya girgiza in iskar siyasa ta juya. Binciken da ya ceci yaran Kano daga shanyewar jiki, da harajin Ba'amurke aka biya shi, kuma masu wannan haraji suna da ikon canza ra'ayi duk ranar da suka ga dama. Kwaɗon da ya dogara da ruwan wani, rani na zuwa zai sha mamaki. Za a haifi wasu jarirai 150,000 masu amosanin jini a Najeriya a wannan shekara, wasu kuma baɗi. Tambayar wanda zai biya kuɗin binciken lafiyarsu tana jiran amsa a takardun kasafin da ake shiryawa a Sakatariyar Tarayya da zaurukan kwamitocin Majalisar Dokoki ta Ƙasa.